Amirun Ƙofar Sauri Ba Ya Waiwaye

Duk unguwar da Allah ya so da alheri yakan ba ta mutum ɗaya da zai riƙa tuna wa sauran jama'a cewa su ba kowa ba ne. Ƙofar Sauri ta yi dace, ta samu Alhaji Rilwanu.

Asali dai ba a magana. Kakan kakansa ya taɓa riƙe makullin ƙofar gari har kwana tara, lokacin da kurkunu ya kwantar da mai ƙofar na ainihi. A cikin kwana taran nan ba wanda ya kawo wa Katsina hari, kuma Alhaji yakan ce masana tarihi sun san dalili. Ta fannin aiki kuwa, shekara ashirin da biyu ya yi a gwamnati, sha ɗaya daga ciki yana buɗe wa kantomomin soja ƙofar mota. Kantoma bakwai suka wuce ta hannunsa, ba a taɓa jin ɗaya ya maƙale a cikin mota ba. A takardar aiki sunansa jami'in tarbar baƙi. Shi kuma yana kiran kansa Furotokol, da cika baki, kamar mai faɗin sarauta.

Sai ga shekarar 1998. Sojoji suka ce sun gaji, za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Kantoman ƙarshe ya zo da wani ɗan'uwansa wanda shi ma ya iya buɗe ƙofa, aka miƙa wa Alhaji takardar godiya mai hatimi, aka ce ya je ya huta. Ya dawo gida ya huta. Daga ranar hutun matarsa Kubura ya ƙare.

Auren Alhaji da Kubura aure ne da ake misali da shi a unguwa, kuma sirrinsa ba ɓoyayye ba ne. Alhaji yana fita ƙarfe bakwai na safe, ba ya dawowa sai an yi magariba. Tsakanin nan falo na Kubura ne. A nan take haɗa turaren wuta da humra, matan unguwa su cika tabarmi, ana ciniki, ana labarin biki da suna, ana dariya har da hawaye. Yanzu kuwa mace za ta shigo zaure, ta hango takalman maigida a bakin falo, ta ce a gaida Kubura, ta juya.

Abin da Alhaji yake yi a falon shi ne kallo. Shekara uku kafin nan ya je Hajji a tawagar kantoma, yana riƙe da jaka, kuma a wani shago a Jidda ya sayo kaset ɗin bidiyo goma sha biyu. Katun ne na mutanen Japan, zanen nan mai motsi da ake yi wa yara, amma an ɗora masa murya da Larabci, Larabcin littafi irin wanda ake huɗuba da shi. Wannan kaɗai ya tabbatar wa Alhaji cewa ba wasan yara ba ne, tarihi ne. Waɗanda suke tare da shi a ranar sun ce da ya fito, mai shagon ya biyo shi da gudu riƙe da wani kaset ɗaya, yana kira, “Ya Hajji! Ya Hajji!” Alhaji bai juya ba. Ya ce a Jidda kowa Hajji ne, kuma ba a kiran mutum irinsa da sunan gama-gari.

Labarin na wata daula ce da ke rataye a cikin gajimare. Akwai wani yaro ɗan manoma, gashinsa a tsaitsaye kamar tsohuwar tsintsiya, yana yawo da takobin katako da wata dabba mai magana wadda ba a gane ko mage ce ko zomo ba. Sannan akwai Amir Jalmudu. Dogo ne siriri, gashinsa fari sol har ƙugu, haɓarsa da tsini, alkyabbarsa tana kaɗawa ko a cikin ɗakin da ba iska. Yana da farin doki mai fukafukai, da mafici na gashin tsuntsu. In zai yi dariya sai ya kai bayan hannu gefen baki, ya ɗaga hanci sama, sannan ya sake ta daki-daki. Bai taɓa amsa gaisuwar kowa ba. Bai taɓa waiwayawa ya dubi masu binsa ba.

Kubura ta yi Islamiyya shekara shida, tana jin Larabcin nan fiye da mijinta nesa ba kusa ba, kuma tun a kaset na biyu ta gane Jalmudu shi ne mugun labarin. Ko wanda bai ji Larabci ba zai gane, don duk sanda ya bayyana sai kiɗa ya yi kauri, tsuntsaye su watse. Alhaji bai ga haka ba. A wurinsa labarin na wani babban mutum ne da Allah ya jarrabe shi da ɗan tasha. Ran da Amir ya sa aka ƙone ƙauyen su yaron, Kubura ta kasa haƙuri ta ce wannan bawan Allah ba shi da imani.

“Tsabtace muhalli ne,” in ji Alhaji. “Mu ma mun yi a zamaninmu.”

A hankali tarihi ya fara sauka a Ƙofar Sauri. Aka kai wa tela farin yadi ya ɗinko alkyabba. Da aka ga ba ta kaɗawa da kanta, sai aka girke fankar tsaye a bayan kujerar Alhaji, aka ɗora wa Kubura aikin daidaita ta. In an ɗauke wuta alkyabba ta kwanta, martaba ta ragu, ran gidan gaba ɗaya ya ɓaci. Gashin tsuntsu bai samu ba, aka yi maneji da maficin kaba. Gashin kai kuwa an riga an yanke hukunci a kansa tun Alhaji yana ɗan talatin da biyar, ba yadda za a yi. Dariyar ce ta fi ba shi wuya. Kullum bayan karin kumallo sai ya yi bitarta wajen sau goma, har maƙwabta suka aiko a ji ko tunkiyar gidan ce ba ta da lafiya.

Daga nan aka kafa dokar magana. Alhaji ya tara mutanen gidansa, wato Kubura, tunda 'ya'yan duk sun yi aure ko suna makarantar kwana, ya karanta mata.

“Babban mutum ba ya ɓarnatar da harshe. Daga yau, in an nemi abu a wurina na yi shiru, na yarda. In na ɗaga mafici, na ji. In na rufe ido, a fita. Kuma duk mai son in gan shi, ya zagayo ta gabana. Wuyan nan don ɗaukar kai aka yi shi, ba don juye-juye ba.”

Unguwa ba ta yi rowar yabo ba. Dattawa suka sa masa Amirun Ƙofar Sauri, matasa suka sa masa Ba-Waiwaye. Ya karɓi duka biyun ba tare da godiya ba, don a ganinsa an ma makara.

Kubura ba ta ƙi mijinta ba. Ta dai fi son sa daga nesa, yadda ta saba. Wata huɗu ba macen da ta zauna a falonta, kwalaben turare suna jere a ƙarƙashin gado, ita kuma tana tsaye bayan kujera tana juya kan fanka. Abin yana cin ranta ƙwarai, don ita mace ce mai son mutane, kuma ta fara jin tsoron haka za ta tsufa. Shi ya sa ran da aka buga gangar siyasa, aka ce kowace mazaɓa za ta fitar da kansila, ta ga ƙofa ta buɗe. Kansila yana da ofis. Mai ofis yana fita da safe.

Ta zagayo ta gabansa kamar yadda doka ta tanada, ta ce, “Alhaji, na ga Amir ma ba a ɗaki yake zama ba.” Alhaji ya yi kwana uku yana nazari, a na huɗu ya sanar da ita cewa wata shawara ta zo masa, zai tsaya takara.

A mazaɓar jam'iyya ɗaya ce ke da jama'a, don haka wanda ya ci zaɓen fid da gwani ya gama. Tsarin kuwa ƙato bayan ƙato ne: kowane ɗan takara ya tsaya a fili, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna. Alhaji ya ji daɗin wannan tsari fiye da kima. Ya ce a ƙarshe dai farar hula sun ƙirƙiro abu ɗaya mai hankali, shi a gaba, kowa a baya. Abokin karawarsa wani Iro ne mai gyaran famfo, mutumin da ya san bayan gidan kowa a unguwar. Alhaji ya dube shi sau ɗaya ya gane shi. Yaron nan ne mai takobin katako, sai dai wannan sifana yake riƙewa.

Taron yaƙin neman zaɓe ɗaya Alhaji ya yi, a kan dakalin ƙofar gidansa, da yamma bayan la'asar. An jawo waya daga falo saboda fanka.

“Ya ku mutanen Ƙofar Sauri,” ya fara, “masu ƙananan gidaje da manyan buƙatu. Ban zo neman komai a wurinku ba, don na duba ban ga abin da kuke da shi ba. Na zo in ba ku damar tsayawa a bayana. Na ji wani ya yi muku alkawarin ruwa. Ruwa! Jaki ma yana shan ruwa. Ni abin da zan ba ku shi ne, in kun je wani gari aka tambaye ku wa ke wakiltarku, ku faɗa ba tare da kun sunkuyar da kai ba.”

Ya kai bayan hannu gefen baki, ya ɗaga hanci, ya saki dariyar. Ranar ta fita da kyau, ba ta sarƙe ba. Mutum sha tara suka halarci taron, sha ɗaya daga cikinsu hanya ce ta biyo da su.

Da Kubura ta ga haka sai ta ɗauki mayafinta. Sati uku tana bin gidaje bayan azahar, ta gaida mai jego, ta duba mara lafiya, ta bar ɗan ƙullin turare a kowane ɗaki. Ba ta roƙi kowa da sunan Alhaji ba, don ta san kasuwarta. Da sunan mahaifinsa take roƙo, marigayi Malam Hussaini mai yadi a Babbar Kasuwa, wanda har yanzu in an ambace shi tsofaffi sai sun yi masa addu'a. A ƙarshe ta je ta durƙusa gaban Malam Babaji. Tsoho ne ɗan tamanin, aminin marigayin, kuma shi ya yi wa Alhaji huɗuba a kunne ran da aka haife shi. A unguwar in Malam Babaji ya tashi daga majalisa, majalisa ta tashi.

Suka gaisa, ya tambayi gida da yara da gajiya da mutanen Batagarawa, garin su Kubura, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, “Baba, alfarma na zo nema.”

“Na san mi ya kawo ki, ɗiyata,” in ji tsohon. “Yaron nan kanshi ya yi mashi nauyi. Amma Hussaini mutum ne. Daga gidanshi zuwa masallaci taku ɗari ne, shi kau sai ya yi awa guda shina gaisawa da mutane. Don Hussaini zan tsaya bayan ɗanshi, in na tsaya kau unguwa ta tsaya. Abu guda nika so. In na yi mashi sallama, ya amsa. Ban ce shinkafa ba, ban ce atamfa ba. Sallama.”

Kubura ta yi godiya ta taso. A duniya ba abu mai araha kamar amsa sallama, amma ta san gidan da za ta je nemansa.

Akwai kuma wani abu da duk unguwa ta sani ban da Alhaji. Kaset ɗin ba sha biyu ba ne, sha uku ne. Yayarsa Hajiya Baraka ta samo na ƙarshen a Jidda shekara biyu bayan tafiyarsa, kuma ya zaga gidajen Ƙofar Sauri kaf, har ya fara ja. Na sha biyu ya ƙare ne Amir yana tsaye a kan tsauni, runduna a bayansa iya ganin ido, ya ɗaga takobi yana cewa wanda ya waiwaya ya yi shakkar darajarsa. Nan ne Alhaji yakan lumshe ido don daɗi. A na sha uku kuwa rundunar ce take zamewa ɗaya bayan ɗaya, Amir yana ta jawabi bai sani ba. Ana jibi zaɓe Kubura ta karɓo kaset ɗin wajen Hajiya Baraka, ta zagayo ta gaba ta ajiye, ko Allah zai sa ya gani ya ɗauki darasi.

“Kayan aro?” in ji Alhaji. “A bidiyona? Labari ya ƙare a sha biyu. Abin da ya biyo baya ƙarin 'yan kasuwa ne.”

Ta ce to, a ba ta izini ta je ta yanki katin jam'iyya, don ita ma ta shiga layi.

“Kati na waɗanda ake shakkar ko su wane ne. Matar gidan nan ba ta riƙe kati.”

Ta haɗiye wannan ma. Ta ce abu ɗaya ya rage, in Baba Babaji ya yi masa sallama ranar zaɓe, don Allah ya amsa. Alhaji ya yi shiru, idonsa a kan talabijin, inda Amir yake shafa wuyan dokinsa. Bisa dokar gidan shiru yarda ce. Kubura ta riƙe wannan shirun da hannu biyu, don ba ta da wani abin riƙewa.

Ranar zaɓe, da hantsi, aka taru a filin wata makarantar firamare. Alhaji ya iso cikin alkyabba, ya zaɓi tsakiyar fili, ya fuskanci gabas, ya tsaya cak. Sai ga wata 'yar iska ta taso, alkyabba ta kaɗa da kanta, ba fanka ba waya. Alhaji ya ɗauki wannan a matsayin sakamako, ƙirga kuma al'ada ce kawai za a cika.

Kuma gaskiya jama'a sun zo. Layin maza ya miƙe a bayansa har bakin ajujuwa, na mata a gefensa ya kai gindin bishiyar bedi ya lanƙwasa. Kubura, da yake ba ta da kati, tana tsaye can gefe a inuwa tana ƙirgawa a zuci. Da ta wuce ɗari uku sai ta fara tunanin turaren da za ta fara kunnawa ran da falo ya dawo hannunta. Layin Iro gajere ne. Shi kansa Iron ya kasa tsayawa wuri ɗaya, yana ta kai da kawowa yana gaida mutane, yana tambayar wani ko famfon nan ya daina ɗiga.

Malam Babaji ya iso a makare, yana dogara sanda. Aka dare masa hanya har gaba, ya tsaya daidai bayan alkyabba. Fili ya yi tsit.

“Salamu alaikum, Rilwanu.”

Alhaji ya ɗaga mafici, kamar kamu ɗaya daga ƙirjinsa. A dokar gidansa wannan babbar karramawa ce, don ko Kubura ba kullum take samu ba. Sai dai Malam Babaji ba a gidan yake zaune ba, kuma a iliminsa na shekara tamanin bai taɓa cin karo da inda aka ce mafici yana amsa sallama ba.

“Salamu alaikum,” ya sake cewa, da ɗan ƙarfi, ko kunne ne.

Kubura ta matso bakin inuwa. Daga inda take tana hango gefen fuskar mijinta, hanci a sama, ido a kan gabas. Ta buɗe baki za ta amsa a madadinsa, ta tuna ba ita aka yi wa ba.

“Salamu alaikum wa rahmatullah.”

Iska ta kaɗa alkyabba. Ban da wannan ba abin da ya motsa.

Ko yaron da ya shiga makarantar allo jiya ya san hukuncin. In ka yi sallama sau uku ba a amsa ba, ka koma. Malam Babaji ya gyara riƙon sandarsa, ya juya ya dubi dattawan da ke bayansa, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

“Ba kowa gidan,” ya ce.

Ya taka a hankali ya ratsa filin, ya nufi layin Iro. Kafin ya kai, Iro ya taryo shi da gudu, ya zube ƙasa yana gaisuwa, sifana tana leƙowa daga aljihu. Dattawa suka bi Malam Babaji. 'Ya'yansu suka bi su. A layin mata Hajiya Baraka ta gyara mayafi ta ce, “To, sha uku ke nan,” aka yi wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa, su ma suka ɗunguma. Ba hayaniya, ba zagi. Takun ƙafa kawai ake ji.

Alhaji ya ji takun, ya gane cewa runduna ce take daidaita sahu, don haka ya ga lokacin jawabi ya yi.

“Ina jin ku,” ya faɗa wa gabas. “Ba sai na duba ba. Ƙaramin mutum ne yake ƙirga mabiyansa, babba jin nauyinsu yake a bayansa. Yau kun yi abin da jikokinku za su yi alfahari da shi. Ku tsaya yadda kuke. Kada wanda ya matso kusa da yawa.”

Ba wanda ya matso. Kubura ta dubi bayan alkyabbar nan ita kaɗai a tsakiyar fili, da ɗinkin da ta yi mata da hannunta a wajen kafaɗa inda fanka ta taɓa kamawa. Kansila ya tafi, ofis ya tafi, falo ya tafi, ta san wannan. Amma tausayi ne ya kama ta, mai zafi, irin wanda ba ya shawara da hankali. Ta fito daga inuwa, a gaban duk unguwa, ta taka har tsakiyar rana ta tsaya a bayan mijinta.

Jami'in jam'iyya mai ƙirga ya gama da layin Iro, ya samu ɗari huɗu da sha biyu, ya iso da rajista a hammata.

“Hajiya, kati?”

“Ba ni da shi.”

“To, ki yi haƙuri, ba ni iya ƙirga ki.”

Ya zagayo ta gaban Alhaji, ya rage murya don ladabi, ya ce sifili. Alhaji ya tambaye shi, shi kansa fa? Jami'in ya duba takardar ƙa'idoji, ya ce ɗan takara ba ya tsayawa a bayan kansa.

Alhaji ya rufe ido, wanda a dokarsa yake nufin a fita. Fili ya watse. Wannan ne umarninsa na farko da unguwa gaba ɗaya ta bi.

“Alhaji, mu tahi gida,” in ji Kubura daga baya.

A nan wata matsala ta taso wadda kaset sha biyu ba su yi bayaninta ba. Gidan yana yamma, a bayansa. Komawa gida na buƙatar juyawa, juyawa kuma waiwaye ce da jiki gaba ɗaya. Alhaji ya yi nazari, ya samo fatawa cewa shan kwana ba waiwaye ba ne. Sai ya miƙe gaba. Ya fita ta ƙofar makarantar ta gabas, ya bi titi, ya sha kwanar dama, ya sake miƙewa, yana neman hanyar da za ta kai shi gida ba tare da ta mayar da shi baya ba. Hanyoyin Katsina ba da wannan niyya aka yi su ba. Sai da ya hango rumfunan Babbar Kasuwa kafin ya samu lungun da ya yarda ya karkata. Masu acaba uku suka bi shi a baya suna tambaya ko za a tafi, ba wanda ya samu ko mafici.

Kubura ta bi hanyar da kowa yake bi, minti biyar ta kai gida. Ta yi azahar. Ta jawo kwalaben turarenta daga ƙarƙashin gado ta shirya su a jaka, ta ajiye jakar a zaure, har yanzu ba ta gama yanke shawara ba. Sannan ta sa kaset na sha uku a bidiyo ta jira.

Bayan awa biyu da rabi Alhaji ya shigo, ƙafa a kumbure, gefen alkyabba ya sha kwata. Ya zauna a kujerarsa. Kubura ta danna bidiyo, ta koma bayan kujera ta kunna fanka. Ko gajiya ce ta hana shi magana, ko ganin tsaunin nan da ya sani ne, bai ce a cire ba. Ya kalli Amir yana jawabi. Ya kalli sojoji suna ajiye mashi a hankali suna sulalewa, sahu bayan sahu, har tsaunin ya zama ba kowa sai Amir da farin dokinsa a tsaye a bayansa. Alhaji ya daɗe yana kallon wannan wuri. Kubura ta ga kafaɗunsa sun ɗan sauka, kuma a duk shekarun aurensu ba ta taɓa ganin haka ba.

“Ka ga doki ɗan asali,” in ji Alhaji. “Shi ya san darajar ubangidansa. Ni yau a filin nan ko doki ban samu ba.”

Maganar ta shige ta har ƙashi. A talabijin dokin ya ɗaga kai ya dubi bayan Amir, ya daɗe yana dubansa, sannan ya buɗe fukafukai ya tashi.

Kubura ta ɗauki mayafinta. Ba ta zagayo ta gaba ba.

“Alhaji, zan tahi Batagarawa wajen Yaya Sani, in kwan biyu.”

Alhaji bai amsa ba, don ba daga gaba aka yi maganar ba. Ta maimaita. Ta sake maimaitawa, sau uku cif, yadda ba wanda zai ce ta fita ba da izini ba. Shiru dai yarda ce, shi ya kafa dokar da bakinsa. Ta daidaita masa kan fanka yadda alkyabba za ta kaɗa sosai, ta ɗauki jakarta a zaure, ta ja ƙofa.

Kaset ya ƙare, talabijin ya koma shuɗi. Alhaji ya miƙa hannu gefe, tafin a buɗe, ido a gaba, yadda Amir yake karɓar kofi.

“Ruwa,” ya ce.

Aka kira la'asar hannun yana nan a miƙe.